Kafin Mu Ce Su Je Asibiti, Mu Kai Magani Asibitin

Laccar da aka gabatar a Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, a gaban ma'aikatan lafiya da shugabannin al'umma

  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan tsaya kewaye-kewaye ba.

An ce in yi magana a kan wayar da kan jama'a game da taɓin hankali da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka san ni a cikinku sun san ina da tsohuwar rigima da yadda muke wannan aiki. Duk ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai a buga riguna da huluna, a yi tattaki a birane, a shiga rediyo a ce wa mutane su daina kai marasa lafiya wurin boka, su kai su asibiti. To, a ce wata uwa a Mayo Ranewo ta ji mu. Ɗanta ya daina barci, yana surutai shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Ta kama hannunsa zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Wa za ta tarar da ya san abin da ke damun yaron, kuma wane magani za a miƙa mata? Muddin ba mu amsa wannan ba, rigunan nan asarar kuɗi ne.

Kullum laifin a kan talaka muke ɗora shi. Mu ce jahilci ne, mu ce camfi ne, mu ce mutanenmu ba su yarda da asibiti ba. Ina so ku saurari wasu alƙaluma da kyau, domin a kansu na gina duk abin da zan faɗa. A shekarar 2004 wasu likitoci daga Kano suka wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da suka fahimta game da taɓin hankali. Da aka tambayi musabbabi, amsar da ta fi yawa, kashi 34 cikin ɗari, ita ce shaye-shaye: giya, wiwi da ƙwayoyi. Fushin Allah ko ƙaddara ya zo na biyu da kashi 19. Sihiri da aljanu, waɗanda muke ta hayaniya a kansu a kowane taro, su ne na uku da kashi 18. Da aka tambaye su inda suka fi son a kai mara lafiya, kashi 46 suka ce asibiti, kashi 34 suka ce wurin masu addu'a.

Ku sake duba wannan. Ƙauye ne, ba unguwar 'yan boko ba. Fiye da shekara ashirin da suka wuce ne, kafin wayar hannu ta shiga kowane gida, kafin shirye-shiryen lafiya su cika tashoshin rediyo. Duk da haka waɗanda suka zaɓi asibiti sun fi waɗanda suka zaɓi wani wuri yawa. Manomin Karfi ya riga mu gane cewa ƙwaya tana taɓa ƙwaƙwalwa, shekaru kafin binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Gaskiya ne binciken ya kuma nuna cewa kusan rabinsu suna ƙyamar mai taɓin hankali, kuma wannan aiki ne da ke gabanmu. Amma ƙyama daban, ƙin asibiti daban.

Yanzu ku ajiye kashi 46 ɗin nan kusa da wani adadi. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa cikin masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, kashi 8 kacal ne suka sami wani magani a cikin shekarar da ta gabata. A kudu maso yamma aka yi shi, yankin da ya fi ko'ina yawan likitocin ƙwaƙwalwa. Idan kusan rabin mutane suna son asibiti amma ko kashi goma ba sa samun magani, giɓin da ke tsakani namu ne, mu masu tsara aikin lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya na yankinmu yana Maiduguri, tafiyar yini guda. Ko Jalingo da ke nan kusa, sai an biya kuɗin mota na mutum biyu ko uku, domin ba a tafiya da irin wannan mara lafiya shi kaɗai, sannan a koma duk wata. Mai ruƙiyya kuwa yana bayan gida, yana karɓar abin da ya sauwaƙa, ya kuma san sunan kakan yaron. Ina ruwan uwa da jawabinmu?

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a. Tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Taraba, manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti yadda zai gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da illar shaye-shaye, ya fara magani, ya kuma san lokacin da zai tura mara lafiya gaba. Maƙwabtanmu na Binuwai sun ɗauki wannan hanya tun 2011, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da cocin Methodist, suka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Magungunan da ake bukata, irin su amitriptyline, haloperidol, chlorpromazine da carbamazepine, tsofaffi ne masu araha. Mai farfaɗiyar da aka hana aure aka cire daga makaranta, ƙwaya ce ta kullum za ta tsayar masa da faɗuwa a mafi yawan lokuta. Mai jegon da ta daina ci, ta ƙi kallon jaririnta, ana cewa iska ce, tana iya dawowa daidai cikin makonni idan an gane da wuri. Mutanen da rikicin 2019 ya raba da gidajensu a yankin Kona, da yawansu har yau barci ba ya ɗaukarsu yadda ya kamata, kuma akwai abin da za a iya yi musu a nan kusa.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: ƙaramin ma'aikaci bai isa ya taɓa waɗannan magunguna ba. Shi ne dai yake karɓar haihuwa da tsakar dare, yake yi wa jarirai allura. A horar da shi, a riƙa duba aikinsa. Wasu kuma burinsu a gina katafaren asibitin ƙwaƙwalwa. A gina, amma ba zai matso da garuruwanmu irin su Iware kusa ba. Masu cewa babu kuɗi, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. A tambayi inda yake tafiya.

Malamai da fastoci, ban zo in raba ku da mutanenku ba. Wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa inda masu addu'a da masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Ku yi addu'arku, ku bar mu mu ba da ƙwayarmu. Abu ɗaya ne ba za mu sasanta a kansa ba: mari da bulala da horon yunwa. Kowa ya ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa.

Ga abin da nake nema. Ƙaramar hukuma ta horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kan mhGAP a babban asibitin kowace mazaɓa. A sa magungunan nan cikin jerin waɗanda ake saye a kai a kai, domin yankewar magani ita ce ke mayar da mara lafiya gidan jiya. A nemi ƙwararre daga Jalingo ya riƙa zuwa Sunkani sau ɗaya a wata ya duba aiki. Masu unguwanni su sanar da asibiti duk gidan da aka ɗaure mutum, don a taimaka, ba don a kunyata kowa ba. 'Yan majalisarmu kuma su matsa a soke sashe na 231 na dokar Penal Code, wanda ke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, domin tsoron 'yan sanda yana sa dangi su ɓoye mara lafiya.

Idan an yi waɗannan, sai a shiga rediyo a faɗa wa mutane ranar da za su zo da ɗakin da za su shiga. Shugaban ƙaramar hukuma, ranka ya daɗe, kuɗin rigunan bana a sayi magani da su.