Jawabi A Kan Yaron Da Ya Yi Shiru

 Ya ku malamai da iyayen yara na Unguwar Tudu, da na ƙasar Gwarzo da Kabo, ku saurara.

Ku sani yaron da ake cuta ba ya kawo ƙara. Mai kuka an ji shi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fitar da mutum wajen 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon duka a baya. A Oktoba aka sami irinsa a Daura. Gidajen nan fa ba a daji suke ba, suna da maƙwabta.

Ba na cire kaina. Na yi wani almajiri ɗan shekara 9, mai kaifin hadda. Bayan kaka sai muryarsa ta ɓace a karatun dare, ya kwana uku bai wanke allo ba, ya koma fitsarin kwance. Na ce lalaci ne, har na ɗauko dorina, Allah Ya gafarta mini. Uwargidana ce ta lura in lokacin zuwa gidan da yake aikatau ya yi, sai jikinsa ya ɗau rawa. Ta dama masa kunu, ta tambaye shi sannu a hankali, ba gaban 'yan'uwansa ba. Ashe wani babba ne can ke cutarsa, ya ce in ya faɗa zai kashe shi. Wata biyu yaron nan yana zaune gabana, ban gani ba.

To, ku duba mai kuɗin da ba a san masominsu ba, da 'yar talla da ba ta komowa sai bayan isha'i. Wanda gashinsa ya yi ja, ƙafa ta kumbura, tamowa ce, a kai shi Babban Asibitin Gwarzo tun da wuri.

In yaro ya faɗa, kada a ƙaryata shi, kada a rufe don gudun abin kunya. A raba shi da wurin a ranar, a sanar da ubansa da mai unguwa da dagaci, magana ta kai ga Hisba ko 'yan sanda. Gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar kare yara a 2023.

Ni yanzu kowane dare sai na kira almajiraina da sunayensu, ɗaya ɗaya, na haska fuskar kowa da fitila kafin su kwanta.