MAGNA KARTA: ABIN DA YA INGANTA DA ABIN DA AKA ƘARA MATA

 

Maudu'in zamanmu na yau shi ne wata tsohuwar takarda ta mutanen Ingila wadda ake kira Magna Karta, ma'ana Babbar Yarjejeniya a harshen Latin. Wanda duk ya zauna da lauyoyi ko ɗaliban shari'a na jami'o'inmu ya ji sunanta, domin da zarar an tayar da maganar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ita ake ambata, har ma a ce ita ce uwar dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan'adam. Mu kuwa an karantar da mu cewa labari ba ya inganta don yawan masu faɗarsa, sai an tambayi wanda ya ruwaito shi, da lokacin da ya ruwaito, da abin da matanin ya ƙunsa. A kan wannan ma'auni za mu ɗora ta.

Sarki Jon ya hau gadon sarautar Ingila a shekara ta 1199. A 1204 Sarkin Faransa ya ƙwace masa lardin Nomandi, sai ya shafe shekara goma yana tatsar manyan hakimansa domin ya tara kuɗin yaƙin ƙwato shi. Idan hakimi ya mutu, sai ya tsuga wa magajinsa kuɗi masu nauyi kafin ya bar shi ya gaji ƙasar ubansa. Matar da mijinta ya mutu kuwa, ko dai ta biya, ko ya aurar da ita ga wanda ya ga dama. A 1210 ya kulle matar wani babban hakiminsa, Matilda ta gidan Biriyuz, ita da ɗanta, har yunwa ta kashe su a kurkuku. Haka kuma ya yi jayayya da Paparoma Innosent na Uku a kan naɗin Istifan Lanton a matsayin babban limamin cocin Kantabari, har Paparoma ya dakatar da yawancin ibadun coci a Ingila a 1208, ya kuma fitar da sarkin daga coci a 1209. A 1213 Jon ya miƙa wuya, ya yarda ƙasarsa ta zama a ƙarƙashin Paparoma yana biyan kuɗi kowace shekara. Ku riƙe wannan, domin zai dawo. Daga nan aka karya rundunar abokan ƙawancensa a yaƙin Bubin a watan Yuli na 1214, dukiyar da ya tatsa ta tafi a banza. Hakimai suka yi tawaye, suka shiga Landan a watan Mayu na 1215, sarki ya ga ba makawa sai sulhu.

An ƙulla sulhun a wani fili da ake kira Ranimid, a bakin kogin Tems, kuma takardar tana ɗauke da kwanan wata 15 ga Yuni, 1215, wanda ya yi daidai da watan Safar na shekara ta 612 bayan Hijira. Hotunan da ake zanawa a littattafan makaranta suna nuna sarki riƙe da alƙalami yana sa hannu, alhali kuwa sarakunan wancan zamani hatimi suke bugawa a kan kakin zuma a rataya shi a gindin takarda. An rubuta ta da Latin a kan fatar tunkiya, rubutu ɗaya a jere ba tare da lambobi ba. Rabata kashi 63 da ake yi yanzu aikin wani masanin shari'a ne mai suna Wiliyam Bilakston a 1759. Ko sunan Magna Karta ma sai daga 1217 ya samu, domin a bambanta ta da wata ƙaramar takarda da aka fitar a kan dokokin daji.

To, me ke cikinta? Wanda ya karanta ta yana tsammanin falsafar 'yanci zai yi mamaki. Mafi yawanta koke-koken hakimai ne a kan aljihunsu: an ƙayyade kuɗin gadon ƙasar babban hakimi a kan fam 100, an hana tilasta wa matar da mijinta ya mutu sake aure, an yi umurni a cire shingayen kama kifi daga kogin Tems da Medwe, an ce mudun awon hatsi da na giya da faɗin ƙyalle su zama iri ɗaya a duk ƙasar. Akwai sashe biyu a kan bashin da aka ci a hannun Yahudawa, inda aka ce riba ba za ta ci gaba da hauhawa a kan maraya ba matuƙar bai balaga ba. Akwai kuma sashe na 54, wanda masu yabonta ba su cika ambata ba, da ya hana kama mutum bisa ƙarar mace a kan kisa, sai fa idan wanda aka kashe mijinta ne.

Amma a tsakiyar waɗannan akwai sashe na 39 da na 40, kuma su ne suka raya sunanta. Na 39 ya hana a kama ɗa, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa, sai da hukuncin tsararrakinsa ko da dokar ƙasa. Na 40 kuwa alkawari ne sarki ya ɗauka cewa adalci ba abin sayarwa ba ne, kuma ba zai hana shi ko jinkirta shi ga kowa ba. Sai dai ku lura da kalmar ɗa. Mafi yawan manoman Ingila a lokacin ba 'ya'ya ba ne a idon doka, mutane ne da ke ɗaure ga gonar ubangidansu, ba su da ikon barinta, saboda haka sashe na 39 bai rufe su ba. Haka nan hukuncin tsararraki ba shi ne tsarin mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci ba, kamar yadda ake riyawa. A ranar da aka buga hatimin nan, ana nan ana gwada wanda ake tuhuma da riƙe ƙarfe mai zafi ko jefa shi cikin ruwa, kuma sai da taron manyan malaman coci da aka yi a Rum a watan Nuwamba na wannan shekara ya hana limamai halartar irin wannan gwaji sannan al'adar ta mutu. Majalisar dokoki ta zaɓaɓɓu kuwa babu ita ko alama. Abin da ke akwai shi ne kwamitin hakimai 25 da aka ba ikon kame gidaje da ƙasashen sarki idan ya saɓa alkawari.

Yarjejeniyar ba ta kai wata uku ba. Jon ya aika wa Paparoma, wanda ya riga ya zama ubangidansa, shi kuma a ranar 24 ga Agusta, 1215 ya soke ta, yana mai cewa da tilas aka karɓe ta. Yaƙin basasa ya ɓarke, hakimai suka gayyato ɗan Sarkin Faransa ya zo ya karɓi sarauta. Abin da ya ceci takardar shi ne mutuwar Jon a watan Oktoba na 1216. Ɗansa Henri na Uku yana da shekara tara, sai masu riƙon ƙasa suka sake fitar da ita domin su jawo 'yan tawaye, bayan sun cire kwamitin 25 da sashen da ya hana sa haraji ba tare da shawara ba. An sake fitar da ita a 1217, sannan a 1225 a madadin haraji da aka amince wa sarki, kuma matanin 1225 ne aka shigar cikin kundin dokoki a 1297. Kenan abin da ya zama doka ba shi ne ainihin matanin Ranimid ba.

Bari in ɗan ratse zuwa wata riwaya da wasu daga cikinmu suke son yaɗawa. Wani malamin coci marubucin tarihi, Matiyu Faris, ya ce Jon ya aika jakadu zuwa ga Sarkin Muwahhidun na Magrib, Muhammadu an-Nasir, yana neman taimako, har ya yi tayin shiga Musulunci da biyan haraji, amma sarkin ya raina shi ya kore su. Labari ne mai daɗin ji, amma ku auna shi. Marubucin ya rubuta shi shekaru da dama bayan mutuwar Jon, kuma an san shi da tsananin ƙiyayya gare shi, kuma manufarsa ita ce ya nuna wa Kiristoci cewa sarkin ba shi da addini. Masana tarihi da yawa sun yi shakkar tayin musuluntar. Abin da ya tabbata shi ne Jon ya yi alwashin fita yaƙin Salibi a watan Maris na 1215, kuma wasu daga shugabannin 'yan tawayen da ake kira jaruman 'yanci sun tafi yaƙar Musulmi a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, inda ɗaya daga cikinsu, Sayar na gidan Kwinsi, ya mutu a 1219. Bai kamata mu ƙi tatsuniyar wasu sannan mu rungumi wadda ta yi mana daɗi ba.

Ta yaya takardar hakimai ta zama tutar 'yanci? A hankali, da fassara. A 1354, zamanin Edwad na Uku, aka yi doka da ta faɗaɗa kariyar ga mutum ko mene ne matsayinsa. Daga baya ta yi sanyi, har marubucin nan Shekspiya ya rubuta wasan kwaikwayo sukutum a kan Sarki Jon bai ambace ta ba. Wanda ya tashe ta shi ne wani alƙali kuma ɗan majalisa, Edwad Kuk, wanda ya yi amfani da ita wajen ja da Sarki Calis na Ɗaya a 1628 a kan ɗaure mutane ba tare da bayyana laifinsu ba. Kuk ya karanta cikinta abubuwan da hakiman 1215 ba su yi mafarkinsu ba, amma fassararsa ce ta ƙetare teku zuwa Amurka ta shiga gyaran tsarin mulkinsu na 1791. Su ne ma suka fi mutanen Ingila girmama ta: ƙungiyar lauyoyin Amurka ce ta gina abin tunawa a Ranimid a 1957, kuma a 2007 wani attajirinsu ya sayi kwafin 1297 a kan dala miliyan 21.3. A Ingila kuwa an soke kusan dukkan sassanta, saura uku kacal daga matanin 1297. Kwafi huɗu na 1215 suka rage, biyu a babban ɗakin karatu na Landan, ɗaya a Linkon, ɗaya a Solsbiri.

A nawa ganin, adalci shi ne a ce takardar ta yi abu ɗaya babba: ta sa sarki ya yarda a rubuce cewa akwai doka a samansa, kuma ta bar wa na baya matanin da za su riƙa kafa hujja da shi. Amma magadanta sun san inda suke tsayar da ita. Da suka ci Kano a 1903, sun kama Sarki Alu suka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926, ba tare da wani hukuncin tsararraki ba. Ta hannun waɗannan magada ne kuma lafazin ya iso gare mu, yana nan a sashe na 35 da na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, waɗanda suka yi magana a kan 'yancin mutum daga tsarewa da haƙƙinsa na a saurare shi cikin lokaci. Duk da haka, mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, wasu shekara da shekaru.