Wayar Hannu, Sirrin Ɗan Ƙasa da Tsaron Jama'a



Maganar da zan yi yau ta shafi duk mai riƙe da wayar hannu, ko a birni yake ko a ƙauye. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare wa ɗan ƙasa sirrin gidansa, da wasiƙunsa, da zancensa ta wayar tarho. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Tsakanin waɗannan sassa biyu ake ta kai-kawo a Majalisar Tarayya, nan Abuja.

Hujjar masu neman a ƙara wa jami'an tsaro iko ba ɓoyayya ba ce. Masu satar mutane ta waya suke neman fansa, 'yan damfara kuwa ta intanet suke yashe ajiyar bayin Allah. Don haka aka kafa Dokar Laifuffukan Intanet a 2015. Ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu hulɗa da su har shekara 2, watau wa ya kira wa, kuma yaushe. Sauraron zancen kansa kuwa, dokar ta ce alƙali ne zai ba da umarni.

To, sai dai sashe na 24 ya zo da faɗi ƙwarai, har aka riƙa kama 'yan jarida da shi. A 2020 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka gyara shi a 2024. Gyaran ya yi jinkiri, amma ya zo.

Ku sani ba kowane shirin doka ke kai labari ba. Wanda Sanata Muhammad Sani Musa ya gabatar a 2019 don hana yaɗa ƙarya ta intanet ya sha suka a zaman sauraron ra'ayin jama'a na watan Maris 2020, bai kuwa zama doka ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ita ta samu shiga, a watan Yuni 2023.

Saboda haka in kun ji an kawo sabon shiri, ku nemi sanin wa aka ba ikon duba wayarku, ko da izinin alƙali ne, da inda wanda aka zalunta zai kai ƙara. Sa'an nan ku rubuta ra'ayinku zuwa ga kwamitin Majalisa kafin ranar zama, ko ku damƙa shi ga wakilin mazaɓarku.