Tsofaffin 'Yan Asalin Ostareliya

Mu dubi halin tsofaffin 'yan asalin Ostareliya. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukuma ta riƙa ƙwace 'ya'yansu tana kullewa a gidajen reno, ana hana su harshen iyayensu. Sai 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara. Yaran nan su ne tsofaffin yau. An ba su damar shiga tsarin kula da tsofaffi tun suna shekara 50, saura kuwa sai 65, saboda ciwo yana saurin kayar da su. Amma wanda aka kulle yana yaro, ina zai yarda ya koma gidan hukuma da furfura? Mu a ganinmu, hukuma ta biya kuɗin, danginsu su yi jinyarsu da harshensu, a ƙasar kakanninsu.