Hannun mai farfaɗiya da abin da yake nuna wa likita

Farfaɗiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mutum miliyan 50, iri-iri ce. A rabe-raben da ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2017, akwai wadda ke farawa daga gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda ke kama ɓangarorin biyu tun farko. Hannu yakan tona wannan bambanci, domin kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa yana sarrafa kishiyar gefen jiki, don haka idan hannun dama kaɗai ya sandare, ana zargin ɓangaren hagu, alhali fizgar hannaye biyu da sassafe, har kofi ya suɓuce, tana nuna wani nau'i dabam da ke yawan kama matasa.

Bambancin yana da nauyi, tunda maganin carbamazepine, wanda ke taimaka wa nau'in farko, yana iya tsananta fizgar sassafe. A Amurka, tun 2018 aka amince da agogon hannu mai auna girgizar farfaɗiya, sai dai a ƙauyukan Dakoro da rugagen makiyaya, inda na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ta yi nisa, wayar salula ce mafi kusa. Iyalin da ciwon ya tashi a gabansu su kwantar da majinyaci a gefensa, kada su cusa masa komai a baki, sannan wani ya ɗauki bidiyon hannayensa tun daga farko, a kai wa likita a asibitin Dakoro.