Daga Aji Zuwa Zauren Majalisa



Abubakar Tafawa Balewa malamin makaranta ne a Bauchi kafin ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1946. A 1950 ya miƙe a zaurenta, ya nemi a gyara mulkin En'e, a zamanin da faɗin haka sai mai ƙarfin zuciya.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna wakilinmu a majalisar jiha, domin ta gabansu kasafin ilimi yake bi. Dokar tarayya ta 2022 ta mayar da ritayar malami shekara 65. Mu tambaye shi abin da ya faɗa a zaure game da ita, da albashinmu, da ƙarin girma. Da amsarsa za mu je rumfar zaɓe.