Kwalaben Roba a Filin Makaranta

Yau shirin namu zai leƙa filin wasan makarantar firamare. Maganata da malamai da shugabannin makarantu ce, amma iyaye kada ku matsa daga bakin rediyo, domin 'ya'yanku za a tattauna.

Akwai wasan da Turawa ke kira bolin. Ana jera wasu katakai 10 masu siffar kwalba, ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sai uku, sai huɗu, mutum ya tsaya daga nesa ya mirgino ƙwallo ya zubar da su. A shekarar 1895 aka kafa ƙungiyar da ta daidaita dokokinsa a birnin New York na Amurka. A wasan manya, kowace kwalba tsawonta inci 15 ne, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, tazarar da ke tsakanin mai jifa da kwalbar farko ƙafa 60, ƙwallon kuwa yakan kai kilo 7. Kun ji dai, wannan ba kayan yara ba ne. Shi ya sa aka ƙero irinsa na roba maras nauyi, wanda ko ya faɗo wa yaro a ƙafa ba zai ji ciwo ba, kuma ba ya bukatar wani ɗaki na musamman.

To me ya ja hankalina gare shi? Ku tuno yadda darasin motsa jiki ke gudana a makarantunmu da yawa. Malam ya fito da ƙwallon ƙafa ɗaya ya wurga tsakiyar fili. Ƙarfafan maza su bi shi da gudu, sauran su nemi gindin bishiya. 'Yan mata su zauna gefe suna hira. Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, shi dama tuntuni an mai da shi mai gadin jakunkuna. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma ba ta ware gwanayen ƙwallo kaɗai ba.

Wasan kwalabe ba ruwansa da ƙarfi. Saiti yake so da natsuwa. Yarinya da hijabinta za ta yi shi ba tare da an ture ta ba. Wanda ba ya iya tsayuwa sai ya mirgina daga zaune, ko a jingina masa ɗan katako ƙwallon ya gangara ta kai. Yaro makaho ma, abokinsa ya tsaya bayan kwalaben yana tafi, shi kuwa ya bi sautin. Sau da yawa ɗan sanyin nan da ba a taɓa zaɓa a tim ba shi ne zai zubar da goman a jifa ɗaya, ajin ya kaure da shewa.

Amma malam, ga inda gizo ke saƙar. Idan ka sayo saiti ɗaya ka jera yara 60 a layi guda, ba ka yi komai ba. Yi lissafi: a darasin minti 30, kowane yaro rabin minti zai samu, sauran lokacin yana tsaye cikin rana yana tsokanar na gabansa. Ba dole ba ne goman su zauna wuri ɗaya. Raba su uku-uku, ka ƙara da robobin ruwan sha da aka shanye, waɗanda ke zube a kowace kwata. A wanke su, a zuba ɗan yashi a gindi, a ɗaure murfi. Yashin nan yana da amfani ko ga kwalaben kanti idan suna da kafar zubawa, domin iskar hunturu takan riga yara zubar da su. Kowane rukunin yara kada ya wuce mutum biyar, kuma kowa da aikinsa: mai jifa, mai ɗauko ƙwallo, masu sake jeri, mai ƙirga. Da an yi jifa biyu sai a canza hannu.

Jifar kanta sai an koya. Yaro ya riƙe ƙwallo ta ƙasa, ya kai hannu baya, ya tako da ƙafar da ke ɗaya ɓangaren, wato mai jifa da dama ya tako da hagu, ya ɗan rusuna, ya saki ƙwallon dab da ƙasa. Idan ƙwallon yana tsalle, an sake shi daga sama ke nan. 'Yan aji ɗaya su fara daga taku uku ko huɗu, manya a ja musu layi baya.

In ana son gumi ya fito sosai, ga wani salo. Kowane yaro a ba shi kwalba ɗaya ya kafa a fili ya yi gadinta, a saki ƙwallaye masu taushi da yawa. Yana kare tasa, yana neman ya kayar da ta wani. Wanda tasa ta faɗi kada a ce ya fita, domin mai rauni ne kullum zai fara fita, shi da ya fi kowa bukatar wasan. Ya zaga fili sau ɗaya da gudu, ya dawo ya kafa ta. Sharaɗi guda ne ba sassauci: ƙwallo a ƙasa yake tafiya, ba a jifar jikin mutum.

Malamin lissafi ma yana da rabo a nan. An jera goma, huɗu sun rage a tsaye, nawa suka faɗi? Yaron da ɗebewa ke ba wuya a kan allo, sai ka ji ya riga kowa amsawa.

Idan an tashi, a ƙirga kayan a zuba a buhu a kai ofis, domin roba in ta daɗe a rana takan bushe ta tsage. Wadda ta fashe a cire ta nan take, bakinta yana yanka. Robobin da aka tsinto kuwa, a gargaɗi yara cewa ba na shan ruwa ba ne.